Daga "Na" Zuwa "Aka": Karatun Tarihin Manya a Bakin Kanal

A ranar Alhamis, 20 ga Fabrairun 2025, saura kwanaki kaɗan a ɗauki azumi, manyan ƙasar nan suka hallara a Abuja domin ƙaddamar da littafin tarihin rayuwar Janar Ibrahim Badamasi Babangida mai suna A Journey in Service. Mu a nan tsakanin Kura da Bunkure, lokacin alkama ta fara nuna a gonakin rani, tumatir kuma ya cika kasuwar Kwanar Gafan kamar yadda ya saba. Kafin dare ya yi, hotunan shafukan littafin sun cika wayoyi. A majalisarmu ta bakin kanal wani ɗalibi ya riƙa karantawa yana mayar wa dattawa da Hausa: ga abin da Janar ya ce kan zaɓen 12 ga Yuni, ga abin da ya ce kan Abacha, ga maganar Vatsa.

Can sai wani dattijo da ya daɗe yana saurare ya ce, "Kai ɗan nan, duba mana. Ya faɗi wanda ya buɗe wa alkamar waje ƙofa bayan an sa mun shuka tamu?"

Aka yi dariya. Yaron ya ce, "Baba, ai maganar Abiola ake yi."

Ya ce, "To, ni ba Abiola ne ya bar ni da buhuna a ɗaki ba."

Mun yi dariyar tare da kowa, amma daga baya muka ga cewa dattijon nan ya fi mu iya karatu, duk da bai taɓa shafin ba. Ya zo wa littafin da tasa shaidar. Mu kuwa mun zo ne mu ji abin da za a ba mu.

Ga asalin maganarsa ga waɗanda ba a haifa ba a lokacin. A farkon 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama daga waje. Kafin nan burodin Nijeriya kusan duk da alkamar ƙetare ake yin sa, mafi yawa daga Amurka, har wasu masana biyu 'yan Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, suka rubuta littafi a 1985 mai suna The Wheat Trap, suna nuna yadda ƙasa ta faɗa tarkon abincin da ba ta iya nomawa yadda zai ishe ta. Da aka rufe ƙofa, sai ido ya koma kan wuraren da ke da ruwan rani da sanyin hunturu, kuma gaba-gaba a cikinsu akwai filayen da ke shan ruwan Tiga: Kadawa, Kura, Bunkure, Garun Malam. Aka yi ta kira a rediyo a noma alkama. Mutane suka noma. Fulawa ta ci gaba da shigowa ta ɓarauniyar hanya, masu injinan fulawa ba su ji daɗi ba, masu sayar mana daga waje ma haka. A farkon shekarun 1990 aka janye hanin. Wanda ya ci bashi ya faɗaɗa gona sai ya nemi yadda zai yi.

A lura da yadda muka ba da labarin nan: aka rufe, aka yi kira, aka janye. Haka duk dattawan yankin nan suke ba da tarihinsu. Aka zo aka auna. Aka tashe mu. Aka raba filaye. Aka sako ruwa, aka ɗauke. Talaka yana cewa "aka" ne domin bai san wanda ya yi ba, ko kuma ya sani amma faɗar sunan ba za ta amfane shi ba. Dalilin da ya sa mutum zai sayi littafin tarihin babban mutum, ko ya ƙona data ya sauke shi, shi ne fatan a can zai ga fuskar da ke bayan "aka". Ga wanda ya sa hannu a takarda, yau zai ce "ni ne".

To, abin da karatun irin waɗannan littattafai ya koya mana shi ne, su ma manyan suna da tasu "aka". Kuma inda littafin babban mutum yake fallasa shi ba a wurin da ya yi ikirari ba ne, a wurin da "na" take sulalewa ta koma "aka" ne.

Mu ɗauki babin da ya fi tayar da ƙura. Babangida ya amince cewa Cif M.K.O. Abiola ne ya ci zaɓen 12 ga Yunin 1993, ya kuma ce ya ɗauki alhakin soke shi a matsayinsa na shugaba. Wannan "na" ce, kuma jaridu sun buga ta da manyan baƙaƙe. Amma da aka zo kan yadda abin ya faru, sai labarin ya juya: shi yana Katsina wajen ta'aziyyar Alhaji Musa 'Yar'aduwa aka fitar da sanarwar sokewa ba da izininsa ba, kuma wasu dakaru ne a cikin soja, ƙarƙashin Janar Sani Abacha, suka tsaya kai da fata kada a miƙa mulki. Wato ya karɓi laifin a dunƙule, ya rarraba shi a warware. Mutumin da ya kifar da gwamnatin Buhari a 1985, ya tsallake juyin mulkin Orkar a 1990, wanda aka yi wa laƙabi da Maradona saboda iya yanka, shi ne a wannan shafin ya zama wanda abu ya faru a kansa.

Ba muna cewa ƙarya ya yi ba. Ba mu cikin ɗakin. Abin da mai karatu zai iya gani da idonsa shi ne lokaci. Littafin ya fito bayan shekara talatin da ɗaya da 'yan watanni. Abacha ya rasu a Yunin 1998, Abiola ya bi shi a Yuli. Bashir Tofa, ɗan Kanon da ya yi takara da Abiola (wanda masu karatun Hausa suka fi sani da Tunaninka Kamanninka), ya rasu a 2022. Farfesa Humphrey Nwosu, shugaban hukumar zaɓen, ya rasu a 2024, kuma tun 2008 ya rubuta nasa littafin ya ce Abiola ne ya ci. Gwamnatin Buhari ma tun 2018 ta mai da 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya. Mu kanmu a Kano mun san inda ƙuri'a ta tafi, tunda Abiola ya kayar da Tofa a jiharsa. Saboda haka ikirarin ya zo ne lokacin da bai ci masa komai ba, zargin kuma ya sauka kan wanda ba zai tashi ya amsa ba. 'Ya'yan Abacha ne suka fito suka mayar da martani, su kuwa ba su ne suka zauna a majalisar mulkin soja ba.

A wurin bikin ma an karanta wani littafin da ba a buga ba. An tara gudummawar gina ɗakin adana tarihin Janar, inda attajiran Kano biyu suka yi fice: Aliko Dangote ya yi alkawarin naira biliyan 8, Abdussamad Rabi'u biliyan 5. Wanda ya yi sharhin littafin a gaban jama'a tsohon mataimakin shugaban ƙasa ne, Yemi Osinbajo. Taro irin wannan ba wurin tuhuma ba ne, walima ce.

Amma mu yi adalci, domin in muka ce littafin duk wankin kai ne mun cuci kanmu. Akwai wuraren da mutumin yake fitowa fili. Yaron Minna da ya tashi maraya, ɗalibin makarantar Bida, matashin hafsan da aka raunata a yaƙin basasa. Sannan ga Mamman Vatsa, abokinsa tun ƙuruciya, soja kuma mawaƙi, wanda aka harbe a Maris 1986 bisa tuhumar shirya juyin mulki. A nan Babangida bai gudu ba. Ya nuna cewa zaɓi ne tsakanin aboki da abin da yake gani tsaron ƙasa, kuma shi ya zaɓa. Mutum yana iya ƙin yarda da hujjarsa, iyalan Vatsa ma ba su taɓa yarda ba, amma aƙalla akwai mai magana a wurin. Abin lura shi ne, ya fi sauƙi a gare shi ya ce "na" kan mutuwar abokinsa fiye da kan takardar soke zaɓe. Wannan kaɗai ya gaya mana abin da soja yake ɗauka abin kunya da abin da yake ɗauka jarunta.

Da aka zo tattalin arziki kuwa, harshen sai ya koma na ofis. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986, karya darajar naira, rusa hukumomin sayen amfanin gona, hukumar raya karkara, bankin talakawa: duk ana jera su a matsayin gyaran da ya zama dole. Manomi a irin wannan harshe ba mutum ba ne mai suna da bashi da 'ya'ya, wani abu ne da ake kira "ɓangaren noma". Amsar da dattijonmu yake nema ba irin wadda littafin shugaba yake bayarwa ba ce, domin daga Dodon Barrack ko Aso Rock ba a hango buhu goma sha biyu a ɗakin wani a Bunkure. Ana hango jadawali.

Wannan ba halin Babangida kaɗai ba ne, kuma ba yau aka fara ba. Sardauna Ahmadu Bello ya fitar da My Life a 1962 yana kan kujerar Firimiya. Littafi ne mai daɗin karatu, musamman ƙuruciyarsa a Raba da zamansa a Kwalejin Katsina, kuma in ya zo kan rikicin 1953, lokacin da wakilan Arewa suka ƙi goyon bayan ƙudurin neman mulkin kai a 1956 aka yi musu ihu a Legas, za ka ji zafin abin bai huce ba. Amma littafin mai mulki ne da ke da zaɓe a gabansa da sarakuna a gefensa. Wanda yake son ya san yadda 'yan NEPU suka ji a hannun alƙalai da dogarai, ba can zai nema ba, sai ya tafi wajen irin su Tanko Yakasai da suka ba da nasu labarin, ko wajen tsofaffin da suka rage a garuruwanmu. Obasanjo kuwa ya rubuta My Command a 1980 kan yaƙin basasa, "na" ta yi yawa har ta ishi abokan aikinsa. Bayan shekara talatin da uku Birgediya Godwin Alabi-Isama ya fito da The Tragedy of Victory, makeken littafi cike da hotuna, yana warware masa zance ɗaya bayan ɗaya. Matarsa ta fari, Oluremi, ita ma ta rubuta nata a 2008. Obasanjo ya yi rashin sa'ar yin rubutu da wuri, shaidu suna raye. Wataƙila darasin da na baya suka ɗauka ke nan.

Akwai wani abu a al'adarmu da ke sa karatun nan ya yi mana wani iri. Bahaushe ya ce yabon kai jahilci. Babban mutum a ƙasar Hausa ba ya faɗin alherinsa da bakinsa, yana da maroƙa da makaɗa. Wanda aka yarje wa kirari shi ne mafarauci da ɗan dambe da ɗan tauri, sai mawaƙi irin Shata a Bakandamiyarsa, kuma duk mai sauraro ya san kirari yake ji, ba shaida a gaban alƙali ba. Littafin tarihin kai ya shigo mana da wani sabon abu: kirari sanye da rigar shaida. Yana da ranaku, yana da sunaye, yana da hotuna da rataye a ƙarshe, sai mai karatu ya saki jiki. An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma gaskiya ne. Daɗi aka ce.

Sannan ko bakin mai itan ne? Yawancin manyan nan ba su ne suke zama su riƙe alƙalami ba. A nan muke girmama littafin Shaikh Abubakar Gumi, Where I Stand, na 1992, wanda aka fassara da Hausa da sunan Manufata. A bangon an rubuta sunan Isma'ila Tsiga tare da na Malam, kowa ya san hannu biyu ne. Kuma ko mutum yana tare da Malam ko yana adawa da shi kan maganar ɗariƙu, ba zai ce ya ɓuya a bayan "aka" ba. Sunan littafin ma da kansa "na" ce. Fassarar kuma ta sa waɗanda ake magana a kansu sun iya karantawa su yi gardama. Sauran littattafan manyan Arewa kusan duk da Turanci suke, wato tun daga zaɓen harshe an riga an zaɓi wanda ake yi wa bayani. Ba mu ba ne. Mu sai dai a taƙaita mana a rediyo.

Yanzu mu dawo gida mu tambaya: tarihin wannan ƙasa da muke tsaye a kanta, a littafin wa yake? Mutumin da ya fi kowa sauya rayuwar Kura da Bunkure shi ne Audu Baƙo, kwamishinan 'yan sandan da ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. A zamaninsa aka gina madatsar Bagauda, aka gina ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, aka fara shimfiɗa magudanan da suka mai da rani lokacin aiki maimakon lokacin tafiya ci-rani. Ya rasu a 1980. Ba a littafin tarihin kai muke karanta shi ba, a kankare da ruwa muke karanta shi, kuma duk wanda ya ci shinkafar Kura ya karanta shafi ɗaya. Amma ko wannan littafin na kankare yana da shafukan da ba a buɗewa a taro. Dubban mutane aka tasa daga inda ruwan Tiga ya kwanta. Can ƙasa, wajen Haɗeja da Nguru, masunta da manoman fadama sun ga ambaliyar da suka dogara da ita ta sauya, kachala ta toshe hanyoyin ruwa. A nan cikin aikin ma, wanda gonarsa take bakin babban kanal da wanda tasa take can wutsiya ba labari ɗaya suke bayarwa ba, ko da shekara ɗaya suke nufi.

Abin da aka rubuta kan mutanen nan, baƙi ne suka rubuta yawancinsa. Tina Wallace ta yi bincike a yankin a ƙarshen shekarun 1970 kan yadda aikin ya shafi ƙananan manoma. Wata mai bincike, Sam Jackson, ta buga maƙala a 1978 mai suna Hausa Women on Strike, kan matan ƙauyukan nan da ke aikin tsinkar kayan lambu a gonar wani kamfanin Turai da ke fitar da su ƙetare, waɗanda suka ajiye aiki suna neman ƙarin lada. A yi tunani: matan karkara, yawancinsu manya, ba ƙungiyar ƙwadago, ba takarda, suka tsayar da kamfani. A zamanin mulkin Obasanjo na soja aka yi wannan, lokacin da ake ta shelar shirin ciyar da ƙasa. Jikokin matan nan suna cikin masu karanta wannan rubutu a waya, kuma da yawansu ba su taɓa ji ba. Sun san ranar da aka kashe Dele Giwa, ba su san abin da kakarsu ta yi a Kadawa ba.

Shi ya sa in aka tambaye mu littafin tarihin rayuwa mafi daraja da ya fito daga ƙasar Kano, ba ma zuwa wajen masu mulki. Muna zuwa wajen Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877 a wani ƙauye kusa da Zarewa, ta ba Mary Smith labarinta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954 bayan rasuwarta. Ba ta da kujerar da za ta kare. Ta faɗi yadda mahara suke kama mutane, yadda danginta suke da bayi a rinji da yadda bayin suka watse bayan zuwan Turawa, ta faɗi aurenta huɗu da dalilin fitarta, ta faɗi rashin haihuwarta ba tare da neman a tausaya mata ba. Ita ma maganarta ta bi ta hannun Baturiya da tambayoyin Baturiya, wannan ba a ɓoye yake ba. Amma a shafukanta abubuwa suna da masu yin su: wane ya sace, wance ta gudu, wane ya biya fansa. Suna ya same ta ne saboda littafin, ba littafin ne ya samu saboda sunanta ba, kuma wannan bambancin yana bayyana a kowace jimla.

Ba muna cewa a daina karanta manya ba. A karanta su, har a karanta su biyu-biyu: Obasanjo da Alabi-Isama, Babangida da Nwosu, Sardauna da 'yan NEPU. In mutum ya ga babin da marubuci ya yi tafiya ko ya kwanta asibiti daidai ranar da babban abu ya faru, ya dakata ya sake karantawa. In ya ga an ɗora nauyi kan mamaci, ya duba shekarar bugu. In ya ga shekara takwas ta mulki ta wuce ba a ji muryar mutum ɗaya da manufa ta taɓa ba, ya ajiye wayar ya je ya tambayi wanda ta taɓa. Kura gari ne na marina da mabuga, inda ake fitar da baƙin rawani mai ƙyalli da Buzaye suke nema tun daga Agadas. Mutanen nan sun san cewa ƙyalli daga bugu yake zuwa, shi ya sa mai saye na ƙwarai yake buɗe ƙyallen ya duba saƙar.

Bayan sallah ƙarama muka je wajen wata tsohuwa a wani ƙauye kusa da Kadawa, wadda aka ce mana ta yi aiki a gonar Turawan nan tana da ƙuruciya. Jikarta ce ta riƙe wayar tana naɗa. Da farko ta ce, "Ku 'ya'yan nan, me za ku yi da zancen da ya wuce? Ni wace ce?" Muka ce, "Iya, ke dai ba mu." Ta fara da "aka zo aka ɗebe mu a mota". Tana cikin magana sai ta tuna sunan mai kula da su, ta tuna matar da ta fara ajiye kwando, ta tuna wadda mijinta ya hana ta fita washegari, ta kwaikwayi yadda Baturen yake kiran "sannu" har jikokin suka fashe da dariya. Ta ce, "Ni ce na ce wa ta kusa da ni, in kika ɗauka ban ƙara gaishe ki."

Ba ta kai ga yadda aka ƙare ba cajin wayar ya mutu, kuma ƙauyen ba wuta. Ta ce mu dawo in an gama dashen shinkafa, mu zo da waya biyu, domin akwai wata ƙawarta a Bunkure da ta fi ta riƙe sunaye.